An kawo 20, aka nemi na 21: rashin ƙirgen da ya kwantar da kwamfutoci miliyan 8.5

Ka taɓa miƙa wa mai POS kuɗi ka ce masa dubu ashirin ne, ya jefa cikin jaka bai ƙirga ba? Da wuya. Ko tare kuka taso, ko a sahu ɗaya kuka yi sallar Asuba, sai ya lashi yatsa ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gaban idonka. Kai ma ba ka jin haushi, domin ka san idan dubu ɗaya ta yi ɓatan dabo, daga aljihunsa za a cike giɓin.

To, riƙe mai POS ɗin nan a ranka. A cikin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita akwai dubban wurare da ya kamata a ce an zaunar da irinsa, wato mai ƙirga abin da aka miƙo kafin ya karɓa. Inda aka zaunar da shi, ba ka ma sanin yana nan. Inda aka manta, nan ne waya ke sandarewa, nan ne ɗan kutse ke samun ƙofa, kuma nan ne duniya ta ji a jikinta wata ranar Juma'a a shekarar 2024.

Asubar da allo ya yi shuɗi

Ranar 19 ga Yuli, 2024, da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya da Nijar, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura ɗan ƙaramin fayil zuwa kwamfutocin kwastomominsa. Aikin yau da kullum ne. Manhajarsu mai suna Falcon takan karɓi irin waɗannan fayiloli a kai a kai don ta san sabbin dabarun 'yan kutse. Cikin minti 78 kamfanin ya janye fayil ɗin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kwamfutoci masu Windows da suka karɓe shi suka fara faɗuwa. Allo ya yi shuɗi, na'ura ta mutu, ta sake tasowa, ta sake mutuwa. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Ba su kai kashi 1 cikin 100 na kwamfutocin Windows na duniya ba, sai dai su ne na filayen jirgin sama, da asibitoci, da bankuna, da gidajen talabijin. A Ingila tashar Sky News ta ɗauke na ɗan lokaci, likitoci da yawa suka kasa buɗe bayanan marasa lafiyarsu. A Indiya sai da aka koma rubuta takardar shiga jirgi da biro. A wannan rana kaɗai an soke tashin jirage sama da 5,000 a faɗin duniya. Kamfanin jiragen Delta na Amurka ya soke kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya ce asararsa ta kai dala miliyan 500.

Idan kana kan soshiyal midiya a ranar, ka ga yadda jita-jita ta yi ta yawo: wasu na cewa kutse ne, wasu na cewa yaƙin intanet ya ɓarke. Ba ko ɗaya. Gyaran ma abin tausayi ne. Tunda kwamfutar tana mutuwa kafin ta gama tashi, da yawansu ba su iya karɓar gyara ta intanet ba. Sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suna goge fayil ɗin da hannu. Har Microsoft ya ba da shawarar a yi ta kashewa ana kunnawa, wani lokaci har sau 15, ko Allah zai sa a dace.

Wace ce kanel?

Kafin mu kai ga abin da ya faru a ciki, bari mu daidaita sahu. Kowace waya ko kwamfuta tana da uwar manhaja: Windows, Android, iOS da sauransu. A tsakiyar uwar manhajar akwai wani sashe da masana ke kira kanel. Android ɗin da ke cikin Tecno, Infinix, itel ko Samsung ɗinka an gina shi a kan kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan.

Ɗauki wayarka a matsayin babban gidan haya. WhatsApp, TikTok da manhajar bankinka 'yan haya ne, kowa da ɗakinsa. Kanel ita ce mai riƙe da duk makullan gidan. Ɗan haya ba shi da ikon taɓa kyamara, ko buɗe fayil, ko tura saƙo ta intanet da kansa, sai ya roƙi kanel. Kuma kowane roƙo yana zuwa da bayanai: wane fayil ake so, nawa za a karanto, a ina za a ajiye a cikin ma'ajiya, wato RAM ɗin nan da kake tambaya kafin ka sayi waya. Waɗannan bayanan da ake miƙawa tare da roƙo su ake kira farameta.

Ga inda bambancin yake. Idan TikTok ya yi kuskure, kanel za ta rufe shi, ka ja tsaki ka sake buɗewa, shi ke nan. Idan kuwa kuskuren a cikin kanel ya auku, babu wani na sama da zai tare. Uwar manhaja takan zaɓi ta tsayar da komai nan take, don gudun kada ta ci gaba da aiki tana lalata bayanan mutane. Shuɗin allon Windows ke nan. Wani sashe na Falcon kuwa a cikin kanel yake aiki, domin mai gadin da zai ga komai dole ya shiga ko'ina.

Matakala ta 21

A rahoton binciken da CrowdStrike ya fitar a watan Agusta na 2024, ya faɗi dalilin da bakinsa. A watan Fabrairu na shekarar an ƙara wa Falcon wani sabon salon bincike. A tsarin da aka rubuta, wannan bincike yana aiki da bayanai guda 21. Amma ɓangaren da ke tattaro bayanan ya miƙo masa, guda 20 yake kawowa.

Za ka ce, to yaya aka yi wata biyar ba a gane ba? Saboda a duk gwaje-gwajen da aka yi, da fayilolin da aka fara turawa tun watan Maris, an sa wa gurbi na 21 alamar da ke nufin "ko ma mene ne, ya yi". Don haka babu wanda ya taɓa miƙa hannu ya ɗauko abin da ke wurin. Kamar bene ne da a takarda aka rubuta yana da matakala 21, magini ya gina 20. Muddin kowa na tsayawa a ta 20, lafiya lau. Ranar da wani ya ɗaga ƙafa zuwa ta 21 cikin duhu, iska zai taka.

Fayil ɗin 19 ga Yuli shi ne ya ɗaga ƙafar. Ya nemi a duba ainihin abin da ke gurbi na 21. Manhajar ta miƙa hannu bayan ƙarshen jerin, ta ɗebo abin da ba nata ba, ta yi ƙoƙarin aiki da shi, kanel ta faɗi. Akwai wata manhaja da aikinta shi ne tantance fayil kafin a tura, amma ita ma ta ɗauka 21 ake kawowa, sai ta buga masa hatimi ya wuce.

Abin da aka rasa tambaya ce guda: kafin in ɗauko na 21, guda nawa ne a hannuna? Layi biyu ko uku na kod ya isa. Kamfanin ya ƙara wannan binciken ranar 25 ga Yuli, kwana shida bayan aika-aikar. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wannan ɗabi'a ta ƙin yarda da abin da aka miƙo sai an duba ita ce ginshiƙin abin da ake kira rubuta manhaja cikin taka-tsantsan. Tambayoyin da mai wannan ɗabi'a ke yi ba su da yawa, kuma kusan kowacce akwai labarin ranar da aka manta da ita.

Tambaya ta farko: lambar nan tana cikin iyaka?

Wataƙila ka tuna hoton nan da ya yi tashe a ƙarshen Mayu na 2020: wani tafki ne a jihar Montana ta Amurka, ga duwatsu, ga rana na faɗuwa. Aka yi gargaɗi a Twitter cewa kada kowa ya sa shi a matsayin hoton bangon waya. Ka san halin mutane, gargaɗin ne ma ya sa wasu suka gwada. Wayoyin Android da dama, musamman na Samsung da Pixel, suka shiga mutuwa da tasowa, wasu sai da aka goge komai a cikinsu kafin su dawo hayyacinsu.

Babu aljani a hoton, kuma wanda ya ɗauke shi bai yi da wata manufa ba. Sashen Android da ke kula da fuskar waya yana auna hasken kowane ɗigo na hoto, ya jefa sakamakon a ɗaya daga cikin gurabe 256, masu lamba daga 0 zuwa 255. A wannan hoton, lissafin wani ɗigo ya ba da 256. Babu gurbi mai wannan lamba. Sashen ya faɗi, ya taso, ya sake cin karo da hoton, ya sake faɗuwa.

Tambaya ta biyu: tsawon da ka faɗa gaskiya ne?

A watan Afrilu na 2014 aka bankaɗo wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed, a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke dogaro da ita wajen ɓoye sirrin masu shiga. Tsarin shi ne kwamfutarka ta tura ɗan saƙo, ta faɗi tsawonsa, uwar garken shafin ta maido mata da shi don a tabbatar layi bai yanke ba. Sai dai babu wanda ya gwada tsawon da aka faɗa da ainihin tsawon saƙon. Ɗan kutse zai tura harafi ɗaya ya ce tsawonsa 64,000, uwar garke ta maido masa da harafinsa, ta cike ragowar da duk abin da ke kusa a ma'ajiyarta: kalmomin sirri, saƙonnin mutane, har makullan tsaro. Kuskuren ya yi shekara biyu yana zaune. An ƙiyasta kusan uwayen garke rabin miliyan ya shafa, kuma a Kanada an yi amfani da shi wajen sace lambobin shaidar mutum 900 daga hukumar haraji.

Tambaya ta uku: lissafin nan ba zai zarce ba?

Ka san mitar babur idan ta kai 99,999, abin da ke biye shi ne 00,000. Haka lambobi suke a kwamfuta, kowacce da iyakar abin da za ta iya riƙewa. Idan manhaja ta tara manyan lambobi biyu don ta san girman wurin da za ta tanada, jimillar na iya zarcewa ta dawo 'yar ƙarama. Sai ta tanadi kofi, ta juye bokiti a ciki. Abin da ya malala zai hau kan bayanan maƙwabta, kuma ƙwararren ɗan kutse ya san yadda zai tsara malalar ta zama umarni.

Irin wannan kuskure na cikin waɗanda suka haifar da Stagefright a 2015. Matsala ce a sashen Android da ke sarrafa bidiyo, wadda aka ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950. Saƙon MMS guda ya isa a kai hari, kuma a wasu wayoyin ba sai ka buɗe shi ba. Bayan wannan ne Google da Samsung suka yi alƙawarin fitar da gyaran tsaro wata-wata. Afdet ɗin nan da ke damunka da sanarwa, asalinsa ke nan.

A nan ne kuma maganar lamba mai ɗebewa ke shigowa. Idan manhaja ta duba cewa adadin bai wuce 100 ba kawai, to -5 zai wuce salin-alin. Iyaka tana da baki biyu, sama da ƙasa, dole a duba duka.

Tambaya ta huɗu: adireshin nan naka ne?

Idan manhaja ta roƙi kanel wani abu, takan ce mata "ki ajiye min amsar a wuri kaza". Tunda kanel tana da makullin ko'ina, duk inda aka nuna mata za ta iya rubutu. Mugun ɗan haya sai ya ba da adireshin ɗakin mai gida, ya sa kanel ta canza takardun gidan da hannunta. Shi ya sa a Linux doka ce: ba a taɓa adireshin da manhaja ta kawo kai tsaye, sai ta wasu keɓaɓɓun hanyoyi irin su copy_from_user da copy_to_user, waɗanda ke fara tabbatar da cewa adireshin yana ɓangaren 'yan haya. A 2017, a Linux 4.13, an yi wani gyara a kiran da ake cewa waitid, aka manta da wannan binciken. Layi guda ya ɓace, sai ga shi manhajar da ba ta da wani iko tana iya rubutu a cikin kanel. Masu rubuta Linux ba yara ba ne, amma mantuwa ba ta san ƙwararre ba.

Tambaya ta biyar: abin da na duba shi ne abin da ke hannuna?

Ka ji labarin masu sayar da waya a gefen titi: za a ba ka ka duba, ka kunna, ka gamsu. Kana sunkuyawa ciro kuɗi a musanya kwalin, ka isa gida ka tarar da sabulu. A kanel ma haka ake yi. Manhaja ta nuna lamba mai kyau, kanel ta duba ta amince, kafin ta dawo ta sake karantawa don yin aiki, wani ɓangare na manhajar ya canza lambar. Maganin shi ne kanel ta fara kwafe bayanin zuwa wurinta, ta duba kwafin, ta yi aiki da kwafin. Abin da ka duba kada ya bar hannunka.

Tambaya ta shida: wannan rubutu ne ko umarni?

A watan Yuni na 2021 wani mai bincike ya gano cewa idan iPhone ta haɗu da Wi-Fi mai wani irin suna da ke cike da alamar %, Wi-Fi ɗin wayar gaba ɗaya yana daina aiki. Dalili, a yaren C akwai wuraren da alamar % ke nufin umarni, kuma an miƙa sunan da baƙo ya zaɓa zuwa irin wannan wuri ba tare da tacewa ba. Kafin nan, a Fabrairun 2018, harafi guda na yaren Telugu na Indiya ya riƙa rufe manhajojin saƙo a iPhone, har sai da Apple ya fitar da gyara. Suna, harafi, hoto, sunan fayil, duk abin da wani ya rubuta daga waje baƙo ne, ko da kuwa kamarsa ta salihai ce.

Idan amsar ba ta yi ba fa?

Dubawa rabin aiki ne. Ragowar shi ne abin da za ka yi idan ka ga ba daidai ba. Ƙa'idar ita ce ka ƙi karɓa, ka faɗi dalili, ka bar komai yadda ka same shi. A Linux akwai gajerun amsoshi da aka tanada don haka: EINVAL na nufin bayanin da ka kawo ba shi da ma'ana, EFAULT na nufin adireshin da ka bayar ba daidai ba ne. Manhajar da ta yi roƙon ita za ta ji da matsalarta, sauran gidan na ci gaba da harkokinsu. Da Falcon ya ce "an nemi na 21 ban da shi, na tsallake wannan fayil", da babu wanda zai san an yi wani abu a ranar.

Abin da ba a so shi ne gyaran ɓoye, wato a kawo maka shirme ka yi shiru ka ƙirƙiro abin da kake zaton ana nufi. Yau ka rufa wa mai kuskure asiri, gobe kuskuren ya girma a inda ba wanda ke kallo.

Me ya sa masana ke tsallakewa?

Kada ka ɗauka lalaci ne kawai. Akwai hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko shi ne sauri. Ana kiran kanel sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, kowane bincike yana cin ɗan lokaci da ɗan batir. Idan kowane ƙaramin sashe zai sake duba abin da na gabansa ya duba, waya za ta yi nauyi, kod ɗin ya cika da maimaici har a kasa karanta shi. Shi ya sa ƙwararru ke cewa a tsananta bincike a bakin ƙofa, inda bayani ke tsallakowa daga hannun da ba ka da iko da shi, a sassauta a cikin ɗaki.

Matsalar ita ce gane inda ƙofar take. Hujja ta biyu ke nan, kuma ita ta kayar da CrowdStrike: "ai na gida ne, an riga an duba a can sama". Fayil ɗin daga kamfaninsu ya fito, manhajarsu ta tantance shi, don haka sashen da ke cikin kanel ya karɓa ido rufe. Mai tantancewa ya dogara da mai karɓa, mai karɓa ya dogara da mai tantancewa, aka bar tsakiya babu kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar takan kasance a mahaɗar aikin mutum biyu.

Akwai kuma laifin kayan aiki. Yawancin kanel an rubuta su da yaren C ko C++, waɗanda ba sa hana ka miƙa hannu bayan ƙarshen jeri. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake gyarawa duk shekara matsalolin taɓa ma'ajiya ba bisa ƙa'ida ba ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara shigar da yaren Rust cikin Linux a watan Disamba na 2022, domin shi yana duba iyaka da kansa. Amma kada ka ce an gama. Rust zai hana manhaja ɗebo abin da ba nata ba, sai dai idan mai rubutun bai tanadi abin da za a yi ba, tsayawa za ta yi, kuma tsayawa a cikin kanel faɗuwa ce. Har yanzu sai mutum ya yi tambayar.

Gwajin shirme

Ta yaya ake gano wuraren da aka manta? Wata hanya ta samo asali ne daga ruwan sama. A 1988, Farfesa Barton Miller na Jami'ar Wisconsin a Amurka yana aiki da kwamfuta daga gida ta layin tarho, ana ruwa da tsawa. Hayaniyar layin ta riƙa cusa haruffan banza cikin abin da yake bugawa, sai ya ga manhajoji suna faɗuwa. Ya ba ɗalibansa aikin su riƙa ɗura wa manhajoji shirme da gangan. Sakamakon da suka wallafa a 1990 ya nuna cewa tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na manhajojin Unix da suka gwada sun faɗi ko sun sandare. Yau akwai wata manhaja mai suna syzkaller da ke jifan kanel ɗin Linux da roƙe-roƙen shirme dare da rana, kuma ta tono dubban kurakurai.

Darasi na ƙarshe daga CrowdStrike shi ne na rabo. Mai girkin biki ba ta zuba wa jama'a sai ta ɗanɗana. Kamfanin ya tura fayil ɗin ga kowa a lokaci guda. Bayan abin ya faru ne ya yi alƙawarin fara turawa ga 'yan kaɗan, a ga yadda ta kaya, sannan a faɗaɗa.

Kai da ke koyon kod

Idan kana cikin matasan da ke koyon rubuta manhaja, ba sai ka kai ga kanel ba kafin wannan ya shafe ka. Fom ɗin rajista da ka haɗa jiya, gwada shi yau kamar maƙiyinsa ne kai. A gurbin shekaru sa -3, sa 900, bar shi fayau, rubuta "ashirin". A gurbin suna liƙa rubutu mai shafi goma.

Sannan ka gwada shi da sunayenmu. Ɗanladi haruffa 7 ne, amma a tsarin UTF-8 da yawancin intanet ke amfani da shi yana cin bayit 8, domin Ɗ, Ƙ da Ɓ kowannensu bayit biyu yake ci. Wanda ya ƙirga haruffa ya tanadi wuri da wannan lissafi ya gina matakala ta 21 da hannunsa. Haka Sa'adatu, Rabi'u da Mas'ud: alamar nan da ke tsakiyar sunansu tana da ma'ana ta musamman a yaren da ake magana da rumbun bayanai, kuma manhajar da ba ta raba rubutu da umarni ba za ta rikice a kanta. Hana mutane rubuta sunansu daidai ba gyara ba ne. Gyaran shi ne ka karɓi sunan a matsayin suna, ka hana shi zama umarni. Manhajar da ta faɗi saboda Sa'adatu, ta wannan ƙofar ɗan kutse zai shiga.

Kai da ke riƙe da waya kawai

Ba za ka iya gyara kanel ba, amma akwai abin da ke hannunka. Yawancin afdet ɗin tsaro irin waɗannan binciken ne da aka manta aka dawo aka saka. Na san data na da tsada, amma daga ranar da aka fitar da gyara 'yan kutse ma sun san inda ramin yake, kuma waɗanda ba su sabunta ba su ake nema. Idan an turo maka saƙo ko hoto an ce "tura wa abokinka ka ga yadda wayarsa za ta yi", kada ka tura, kada ka gwada a taka. Wasan na iya cinye hotunan auren wani ko bayanan kasuwancinsa. Ka guji manhajojin da aka yi wa kwaskwarima ana rabawa a guruf, irin su WhatsApp na jabu, domin ba ka san wanda ya taɓa su ba. Ka kuma riƙa ajiye kwafin abubuwanka masu muhimmanci a wani wuri daban.

Ga ɗan aikin gida. Yau da dare ka shiga saitin wayarka, ka nemo wurin bayanin waya, ka duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da ta karɓa. Idan ya haura shekara, ka duba ko akwai afdet da ke jiranka. Idan kamfanin ya daina turo wa irin wayarka gyara, to ka san da wannan kafin ka ɗora mata manhajar banki, kuma ranar da za ka sayi wata, ka tambayi shekara nawa za ta yi tana samun gyara, kamar yadda kake tambayar RAM da kyamara.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.